Maƙwabtan Kunamar Ruwa

Shekara ashirin ina yankan gilashi a Ƙofar Ruwa,
tagogi, madubai, kantocin masu sayar da waya,
ban taɓa yanka wa ruwa ɗaki ba sai bana.
Taku shida tsawonsa, uku faɗinsa,
don mai ɗakin ba ta damu da zurfi ba,
fili take so, inda za ta juya.

Isiyaku direba ya kawo ta daga Binuwai a baho,
kunamar ruwa, shimfiɗe kamar faifai,
wutsiya da ƙaya, ido a bisa kai.
Na tankaɗe yashin Challawa da rariyar gidanmu,
na wanke shi sau bakwai,
Hadizatu na cewa rariyar ta tashi daga aiki.

Sai na ga kamar kaɗaici na cin ta.
Nan na fara kuskure.

Na zubo 'yan ƙananan kifi masu launin lemo.
Rumasa'u ta ƙirga sha biyu bayan isha'i,
da asuba ta ƙirga tara, ta ɓare baki.
Na ce, ba mugunta ba ce, 'yata,
abin da ya shige bakinta tuwo ne a wurinta.

Na kawo karfasa. Ya tone yashi, ya kafa iyaka,
ya wawure tana tun ba ta kai ƙasa ba.
Kwana huɗu ya koma robar Isiyaku.

Na ukun ne ya cuce ni.
Wani baƙi mai baki a ciki, mai lasar gilashi,
mai sayarwa a Sabon Gari ya ce, wannan ɗan shara ne,
ba ruwansa da kowa.
Da rana kuwa salihi, manne a kusurwa.
Amma tabo fari ya fito mata a baya,
gefen faifan ya fara naɗewa sama,
ta daina ci, sai haki.
Na zargi ruwan famfo, na zargi zafin bazara,
har daren da aka ɗauke wuta
na fito da tocila duba injin iska,
na tarar da ɗan sharar kwance a gadon bayanta
yana tsotse yauƙin da ke kāre fatarta.
Ita ko, mai ƙayar da masunta ke tsoro,
ta lafe, ba ta da hannun kore shi.

Na tsame shi a daren, hannuna na rawa.

Yanzu ƙawara huɗu ne a saman ruwa,
sun fi ƙarfin bakinta, ba sa kuma sauka.
Su da sama, ita da ƙasa,
gaisuwa daga nesa, ba aron gishiri.
In ƙosar da su tukuna,
sannan in zura mata tana da dogon tsinke.
Na canza ƙwan lantarki zuwa mai dushi-dushi,
na rataya tsohon labule ta ɓangaren ƙofa.
Yaran layi in sun shigo kallo
hannu a aljihu, ba ƙwanƙwasa gilashi.
Ranar Juma'a, in na dawo masallaci,
in kwashe rubu'in ruwan,
in zuba wanda ya kwana a duro ya huce.
Batir na ajiye don injin iska, ko fanka ba ta samu ba.

Tabon ya ɗauki wata guda kafin ya rufe.

Jiya ta binne kanta a yashi, ido biyu kaɗai a waje,
ramukan numfashi na buɗewa a hankali.
Can ta taso, ta hau gilashin da na yanka,
farin cikinta a fili, bakin kamar murmushi.
Rumasa'u ta ce, Baba, dariya take.
Na san haka aka halicci bakin.
Ban gyara mata ba.