Zaren Da Ke Cikin Matauni

Damina uku da gulbi ya tafi da Nomau.
Bana ya ci gaɓa wajen Jiratawa,
ya tofar da ƙashi a gonar albasa.
A buhun taki aka kawo mini:
haƙarƙari, muƙamuƙi, ƙashin cinya guda.
Kuluwa na biye, takalmanta a hannu.
"Ɗiyata, an ce kuna karanta jini.
Karanta mini. Nawa ne?"

Babu jini, Inna.
Jini shi ke fara tashi daga kasuwa.

Ubana Mati majemi ne, a Bagalam ya tsufa.
Shi ya ce da ni fata ba ta jira:
a yanka jar akuya da hantsi,
kafin la'asar ta fara cin kanta,
sai an tare ta da toka da bagaruwa.
Na yi boko, na sa farar riga,
na tarar da maganarsa tana jirana
a ƙarƙashin madubin asibiti.

Ga abin da na kasa faɗa wa Kuluwa.
Cikin kowace ƙwayar jikin ɗanta
akwai zare murɗaɗɗe, rabi nata, rabi na mijinta,
ya fi na gizo siranta,
in an warware shi ya haura gaba guda.
Muddin da numfashi akwai maɗinka,
dare da rana suna ƙulla inda ya tsinke.
Ran da numfashi ya tsaya suka ajiye allura,
wuƙaƙen gida suka fito daga kube.
Ba baƙo ke fara ɓarna ba.
Hanta ke riga faɗuwa, saifa ta bi ta,
sannan ƙananan halittun da ya ciyar a hanji
shekara talatin ba gori
su tashi su ci mai masauki.
Laima ta shiga ta kwance ƙulli,
zafin bazara ya mai da aikin shekara na mako.
Dogon zance ya koma jimla,
jimla ta koma kalma,
kalma ta zube baƙi-baƙi, babu wasali.

Matauni ne kaɗai mai rowa,
shi da ƙashin bayan kunne mai taurin dutsen niƙa.
Su ke ƙulle ɗan saura
yadda tsohuwa ke ƙulle kuɗin likkafani a haɓar zane.

Na cire guda, na wanke, na rufe a kwalba.
Na goga auduga cikin kuncin Kuluwa,
ta ce, "Ashe yawun tsohuwa ma da ranarsa."
Aka sa a motar Yamai.

Wata biyu, takarda ta zo da Faransanci.
Ƙofa goma sha shida aka ƙwanƙwasa,
biyar suka amsa, sauran gulbi ya shanye.
Biyar ɗin ba su ce a'a ba,
ba su kuma yarda su rantse ba.

Na juya mata da Hausa, sau biyu.
Ta ce in miƙo muƙamuƙin.
Ta bi haƙoran da ɗan yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a gero,
ta tsaya kan wani ɓantararre.
"Goruba ta taɓa yi masa haka.
Ko dama ne, ko hagu, na manta."
Ta daɗe.
"In ba nawa ba ne, na wata ne.
A yanko alawayyo."

Da dare na jingina da matashin da ubana ya jeme,
shekara ashirin, yana nan ja wur.
Shi kuwa da ke kwance bayan gari,
ban san kalma nawa ta rage masa ba.
Na dafa wuyan hannuna, jijiya na bugawa:
rabin zarensa ne a nan,
kuma har yanzu ana ɗinki.