Kunnen Kifi

A Yelwa, bayan tashar kwalekwale,
akwai shago mai ƙofa ɗaya
da Tunau ya liƙe da kwalayen ƙwai har rufi,
ya toshe taga da tsohuwar katifa
don kada kasuwa ta shigo.
A allo ya rubuta da shuɗin fenti: Kunnen Kifi.
Ni ke riƙe da littafin ciniki,
aikin da bai taɓa sa ni gumi ba.

Faifanmu na fari
Barmo ne ya ja izgar goge a kan gurmi
har tsirkiya ta yi kukan ƙyaure.
Aka ɗora numfashin injin markaɗe,
da muryar Tumba mai tuyar kifi
tana kiran ɗiyarta,
an juya kiran, ƙarshe ya koma farko.
Minti goma sha bakwai.
Babu amshi, babu sunan kowa.

Dillali ya zo daga Jega,
ya saurara da hannu a haɓa.
Ya ce, to, ina wurin rawa?
Tunau ya ce, ba mu gina masa ɗaki ba.
Ya sha shayinmu, ya karkaɗe riga.

Da asuba nakan ga Tunau a bakin gulbi,
ya ɗaure makirfo cikin leda,
ya zura shi ƙasa kamar ƙugiya.
Masunta na dariya:
malam, me ya ci yau?
Shi kuwa ya runtse ido,
wai yashi na magana idan jirgi ya wuce.

Goma sha ɗaya muka sayar a shekara.
Na rubuta su da manyan baƙi
don shafin ya yi kamar ya cika.

Ɗaya direban Kontagora ne, Nomau,
ya dawo da shi rana tsaka,
ya ce kun ba ni abin da ya lalace,
fasinja sun zaci mota ce.
Na ƙirga masa kuɗinsa.

Kwana uku, ga shi a ƙofa bayan isha,
yana murza hula.
Ya ce, akwai wani wuri wajen minti tara
da matar nan ke haɗiye suna.
Haka innata ke yi.

Ban karɓi ko sisi ba.
Na dai buɗe littafi,
na goge layin da na ja,
Tunau na ciki, bai ji mu ba,
yana ɗaukar ƙarar fanka tana mutuwa
bayan an ɗauke wuta.