Sunaye Goma Sha Bakwai na Jar Ƙasa

Kakana Nedo bai taɓa zana ko kan kaza ba.
Shekara talatin da ɗaya yana wankin ƙasa
a gindin dutsen Amiyata,
inda ramuka ke aman rawaya in an yi ruwa.
Wanka yake mata kamar jaririya,
daga kwatami zuwa kwatami:
tsakuwa ta kwanta, yashi ya bi ta,
sai mai laushin ta rage tana yawo a ruwa
kamar wadda ba ta gama shawara ba.

A jikin buhu kuwa sai a buga sunan Siyena.
"Siyena!" in ji shi, ya tofar da yawu.
"Sau biyu na taka garin, duka asibiti.
Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi."

Ɗanyarta launin zuma ce mai duhu.
In ta kwana a tanderu
sai ta fito da wani ja, ba na jini ba, ba na garwashi ba,
ja mai nauyi, wanda ya ga abu ya yi shiru.
'Yan kasuwa su ce ƙonanniya.
Shi ya ce, ta dai balaga.

Ƙarfe ne, in ji malaminmu, tsatsa ce kawai.
Na kawo maganar gida da ɗoki,
Kaka ya ce, to, kai ma nama ne kawai, a gaya masa.

Masu kanti suna uku suka sani:
ɗanya, ƙonanniya,
da amba, mai duhun nan da ake ce wa inuwa.
Shi goma sha bakwai gare shi.
Ɓawon Burodin Laraba.
Hantar Zomo.
Jinin Jiya.
Gindin Tukunya.
Ƙofar Settimiyo, wanda ya mutu da bashinsa.
Sauran na manta wasu, Allah ya yafe mini.
Ta ƙarshe Ilva ce,
jijiya guda da ya tarar a damina ɗaya, bai sake gani ba,
launin bayan hannun kakata
in an gama tsintar kastanya.
Wannan ba ta shiga buhu ba.
Tana kwalbar zaitun, bayan agogo.

Aka rufe ramukan. Kwaɗi suka gaje su.
Yana ta rufe idon Kaka.
Ni Foska na tafi Firenze koyon gyaran tsoffin zane,
na dawo masa da tsaraba, ƙonanniyar Siyena a bututun gwangwani.
Ya matsa kaɗan a yatsa, ya murza, ya shinshina,
ya ɗora a harshe.
Ya daɗe.
"Wannan ba ta taɓa shan ruwan sama ba," ya ce.
Na juya bututun, ga lamba, ga sunan masana'anta.
Sunan ya yi tafiya, ya bar ƙasar a gida.

Sai ya ce in ɗauko kwalbar.
"Faɗa mini, tana nan yadda take?"
Na kai ta taga, na karkata, na girgiza.
Wallahi ruwan ƙasa na gani, ba wani abu ba.
Na ce, tana nan.
Ya ce, ƙarya kike, amma na gode.

Mun binne shi a watan tsintar kastanya.
Mai haƙa ya tara ƙasar a gefe, jiƙaƙƙiya,
ba Hantar Zomo ba ce, ba Jinin Jiya ba,
ba ta cikin goma sha bakwai ɗin.
Na juya in tambaye shi.

Takalmin yana nan bayan ƙofa, ban wanke ba.
Ta bushe, ta ɗan yi haske.
Har yau ban raɗa mata suna ba.