Rariyar Tsahara

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a rumfa guda,
bakin kasuwar Maraɗi, daura da masu man gyaɗa,
ina farke cikin rediyo kamar mahauci da akuya.
Dalma ta ƙone mini yatsu, hayaƙinta ya rage mini gani.
Iyakar ilimina ke nan:
in tasha ta gudu, a murɗa kwayil sannu sannu,
a riƙe numfashi har murya ta dawo gida.

Tsahara ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin nan.
Sa'o'inta na tara ƙwallon goruba,
ita tana tara matattun taransisto a gwangwanin tumatir.
Tana da shekara tara ta ce,
"Baba, don me rediyon Ɗan Tsoho ke daidai da safe,
azahar na yi sai ya kauce?"
Na ce zafi ne.
Ta ce, "Ina ruwan zafi da tasha?"
Na aike ta sayen goro.

Shekara ashirin tana bin tambayar nan,
ta tsallake hamada, ta tsallake ruwa,
ta dawo da tabarau da ita.

Bana ta kai ni ɗakin bincikenta a jami'a.
Ta ɗora mini wani abu a tafin hannu,
bai kai ƙwayar gurjiya ba.
Ta ce, "Rariya ce, Baba.
Sama cike take da muryoyi kamar ranar kasuwa,
wannan ke tankaɗe su.
Amma idanunta na jin magana:
ƙara mata wuta kaɗan, su buɗe,
rage, su tsuke."
Ta nuna na biyu. "Wannan kuwa kalangu ne.
Shi ke kaɗa kansa, ba ya gajiya,
wuta ce hammatar da ke matse tsarkiyarsa."

Na juya shi, na sake juyawa.
Na ce, "Ina kwayil?"
Ta ce babu.
Na ce, "To me mutum zai murɗa?"
Ba ta ce komai ba.
A kwandon shara na ƙirga guda goma sha bakwai da suka ƙone,
nan na gane ɗiyata ce.

Ranar gwaji ta shanya shi bisa kwanon rufi,
cikin ranar Afirilu mai dafa ƙwai.
Sai aka ɗauke wuta.
Allon da ke zana mata igiyar sauti ya rufe ido.
Ɗalibanta suka tsaya cirko cirko.
Ta jawo batirin babur, ta jona ƴar lasifika,
ta ce, "Baba, ara mini kunne."

Na zauna kan benci tun hantsi.
Sauti guda, siriri kamar zaren kaba.
Azahar ta zo, ta wuce.
Kwano na ƙara, gumi na bin geme,
ina jiran ya kauce kamar na Ɗan Tsoho.
Har aka kira la'asar a Zariya
bai gusa ko faɗin gashi ba.

Takardar ta fito da harshen da ba na ji,
lissafi birjik kamar sawun kaji.
Can ƙasa, da ƙananan baƙi,
ta ɗora yatsana:
Sha'aibu, mai gyaran rediyo.

Na naɗe ta, na sa a akwatin sukurdireba.
Gobe akwai rediyo uku suna jirana.