Ninki Tara

A Funabashi, bayan tashar jirgin ƙasa,
akwai wani shago matsattse kamar aljihu,
sai ka hau bene, ka sunkuya, kafin ka shiga.
Na Hayasaka ne, mai yatsu tara da rabi.
Madubai jere a bango, idanu ba fuska.

Na ce masa: "Shekarata sittin da uku,
na ajiye tuƙin bas, ido ya fara yi mini rowa.
Bindigar wasa gare ni, mai tofa ƙwayar roba,
ina son madubin da zai jawo nesa ta zo kusa."

Ya ɗauko ƙarami mai jan ɗigo a tsaka:
"Wannan ba ya ƙari, ba ya ragi.
Ido biyu a buɗe, inda ɗigo ya sauka
nan ƙwayarka za ta, in iska ta yarda."
Ya ɗauko wani mai tambari irin na soja:
"Kwaikwayo ne, kama da wane ba wane ba.
Na gaskiyar zai cinye fanshonka na wata uku,
wannan yen dubu takwas. In ruwa ya sauka
zai yi gumi ta ciki, ya bar ka da lalube.
Amma bindigarka ba ta shuri,
saitinsa zai zauna, in ba yar da shi ka yi ba."

Ni kuwa idona na kan wani dogo,
baƙi wuluk, kauri kamar gaɓar gora,
ninki uku zuwa tara a rubuce a wuyansa.

Hayasaka ya ja iska ta tsakanin haƙora.
"Kawu, ƙwayarka taku saba'in take yi ta faɗi.
Me za ka yi da ganin taku ɗari uku?
Gani ba ci ba ne.
Ga nauyi. Kana leƙen ganye guda,
daji duka zai zagaya ta bayanka."

Na biya. Ban yi masa bayani ba.

Lahadi, dajin Inzai, gyare na tsaga kunne.
Jan ƙyalle a damtsena, rawaya a na ɗana.
Motoharu ne ya jawo ni wasan
shekarar da muka binne uwarsa,
amma a mota, tafiyar awa guda,
rediyo ke magana a madadinmu.

Na kwanta cikin gora, na murɗa zobe har tara.
Duniya ta tsuke, ta koma bakin kofin shayi.
Ganye. Kututture. Tsohuwar taya.
Sai ga shi
can ƙetaren rafi, inda ƙwayata ba ta zuwa,
ya sauke ragar bakinsa zai kurɓi ruwa,
abokinsa ya ce wani abu,
ya yi dariya.
Wushiryar uwarsa ce, sak.
Ga furfura uku a gefen kunnensa
da ban taɓa gani ba daga ƙetaren teburin cin abinci.

Rabona da dariyar nan, na ƙirga, lissafi ya ɓace.
Yatsana a kan kunama ya manta aikinsa.

Tas! a kafaɗa.
Wata yarinya ce, taku goma a bayana,
bindigarta tsirara, ko ɗigo babu.

Dokar wasan ita ce, wanda aka samu
shi ke shaidar kansa da bakinsa.
Na miƙe, na ɗaga hannu sama:
"An same ni!"
Na faɗa da ƙarfin da ya wuce buƙata.

Litinin, Hayasaka ya ce: "Nawa ka kayar?"
Na ce: "Ko ɗaya."
"Kawo shi, in musanya maka da jan ɗigo."
Na ce: "Bar mini kayana.
Murfin roba kawai za ka ba ni,
kada wata ƙwaya ta fasa mini gilashinsa."