Haruffa Uku

A garejinmu da ke kan tudu a Valparaíso,
inda iskar teku ke shigowa ta ƙasan ƙofa da gishirinta,
na kwantar da tsohon kwabad ɗin mahaifiyata,
na zare masa ƙusoshi ɗaya ɗaya, kamar mai cire ƙaya.

Maite ta riƙe mini bakin tef, shekarunta tara.
Ta ce, "Baba, auna sau biyu." Na auna sau ɗaya.
Zarto ya bi layin fensir, ya gaji, ya kauce,
ƙafar hagu ta gaza ta dama da faɗin yatsa.
Muka cusa mata guntun kwali. Har yau yana nan.

Asabar huɗu muka ci a kai.
Tsohuwar talabijin daga kasuwar Lahadi,
lasifikar motar da maƙwabcinmu Evaristo ya haƙura da ita,
maɓallai shida, huɗu ja, biyu ruwan ɗorawa
don jajayen sun ƙare a shago,
da sandar tuƙi mai kai kamar tumatir.
Dalma ta ɗiga mini a yatsa, na faɗi kalmar da ba a faɗa.
Maite ta yi kamar ba ta ji ba,
ta ajiye ta don gaba.

Ranar da muka kunna, duniya ta juye:
ka tura sanda hagu, ɗan jirgin ya nufi dama.
Dare biyu ina bin jar waya da baƙa
kafin su yarda su gaisa.

Ina yaro, akwai irin akwatin nan
a shagon Doña Clotilde, bakin tashar jiragen ruwa.
Canjin burodi can yake kwana.
A saman jerin gwanaye, haruffa uku: LUZ.
Da harshenmu, haske ke nan.
Shekara uku ina bin hasken nan a guje,
ko ƙurarsa ban shaƙa ba.
Wata rana mahaifina, Anselmo mai sauke buhuna,
ya kama ni a can, ya ja kunnena har saman tudu:
"Gumina kake ɗura wa inji?"

Yanzu hannunsa rawa yake, shayi na zuba kafin ya kai baki.
Muka sauko da shi gareji don ya ga fenti kawai,
shuɗin da Maite ta zaɓa, da taurarinta masu ƙafa bakwai.
Ya shafa katakon. Ya gane shi.
Ya ce, "Nan take rataye rigar coci."
Sai ya laluba gaban akwatin: "Ina ramin kuɗi?"
Na ce kyauta ne, Baba.
Ya tsaki. Ya ciro tsaba daga aljihu,
ya jingina ta a gefen gilashi,
yadda masu jiran layi suke yi.

Wa ya koya masa wannan?

Ya kama sanda.
Rawar hannun ta tsaya cak, kamar an kira sunanta.
Ɗan jirgin ya ratsa ruwan wuta bai jiƙe ba,
ya bi lungunan da ban san da su ba,
ni da na haɗa wayoyin.
Maite ta daina tauna cingam.

Da inji ya nemi suna,
ya danna a hankali: L. U. Z.

Luzmila.
Kowa Mila yake ce mata, har ni.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Bayan aikin dare.
Clotilde kan buɗe mini kafin gari ya waye.
Tsaba ɗaya tak, ba irin ɓarnarka ba."

Gobe zan sayo ƙaramin zarto,
in yanka ramin kuɗi a ƙofar kwabad.
Maite ta ce wannan karon
ita za ta auna.