Babu Madannin Komawa

A Busan, a lungun masu tsoffin littattafai,
ruwa yake ta zuba tun la'asar.
Mu bakwai ne a saman shagon tsoho Bong,
ni ina zuba shayin sha'ir, su suna zuba zance.

Ga littafin nan a tebur, baƙi, mai kauri.
Daga cikin wasan kwamfuta aka ciro shi
kamar a ciro kifi daga ruwa
a ce masa: to, taka mu gani.

Do-gyeom ne ya fara, ko hular babur bai cire ba.
"Shekara tara ina cikin wasan nan.
Na haye Gadar Gishiri ya fi sau ɗari,
jarumina bai taɓa buɗe baki ba.
Yau wata ta zo ta raɗa masa suna,
ta ba shi uwa, ta ba shi tsoron ruwa,
har da kuka! Tun a shafi na arba'in!
Wa ya aike ta?"
Ya daki tebur, cokula suka amsa.

Hye-rin, ma'aikaciyar jinya,
ba ta taɓa wasan ba ko da wasa.
Ta ce, "Ni kukan nan ne ya riƙe ni.
A jirgin ƙasa na karanta, sai da na wuce tasha biyu."
"Ai ba ki san shi ba."
"Kai ɗin ka san shi?
Shekara tara kana bin sa a baya,
ƙeyarsa kawai ka sani."

Aka yi tsit.
Sai dariya ta ɓarke, har da shi, kaɗan.

Wani ɗalibi ya zaro takarda daga aljihu:
a wasa takobin a hannun hagu yake,
dodon rijiya kawunansa uku, ba biyu ba,
an juya taswira, gabas ta koma yamma.
Kurakurai goma sha tara ya lissafa daki-daki.
Ba wanda ya musa masa,
ba kuma wanda ya ajiye kofinsa.

Tsoho Bong ya leƙo daga matakala.
"Sittin na sayar a makon nan.
Duk mai zaginsa sai da ya biya kafin ya zaga.
Ku ci gaba."

Seul-gi na bakin taga, tun ɗazu ba ta tanka ba.
Da ta yi magana, gilashin take kallo.
"Ni da yayana muke yin wasan.
Matar nan mai kwale-kwale,
duk lokacin da ta nutse sai mu koma baya,
mu sake, mu sake, har tsakar dare,
har sai mun tsamo ta.
A littafin, shafi na ɗari biyu da sha biyu, ta nutse.
Sai na ga babban yatsana
yana danna gefen takarda,
yana danna, yana danna.
Na koma baya shafi biyar,
na karanta a hankali, kamar mai taka ƙwai.
Ta sake nutsewa."

Ba ta faɗi inda yayan yake ba.
Mun sani. Ba mu tambaya ba.
Ruwa ya ci gaba da aikinsa a kan rufi.

Do-gyeom ya cire hularsa, ya riƙe ta a cinya.
Wayarsa ta yi ƙara: wani yana jiran taliya a Yeongdo.
Ya miƙe, ya kai bakin matakala, ya juyo:
"Kar wanda ya faɗa mini ƙarshen.
Saura mini babi uku."

Da suka watse na kwashe kofuna.
Seul-gi ta manta nata littafin a kan kujera.
Ban buɗe ba, shi ya buɗe kansa.
A gefen shafin takardar ta lotsa, ta yi laushi,
daidai faɗin yatsa ɗaya.